Fadar Garu da Dabinon Dutse

Wanda ya san Dutse kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, wani gari ya sani dabam da wanda ake gani yau. A lokacin hedikwatar ƙaramar hukuma ce a cikin tsohuwar Jihar Kano, a gefe take, sai matafiyi ya bar babbar hanyar Birnin Kudu ya ratse a Kwanar Huguma kafin ya iso ta. Abu biyu ne ke fara tarar idon baƙo: duwatsu, da kawunan dabino da suka zarce kowane gini tsawo. A tsakanin duwatsun Garu take, tsohon garin, inda gidan sarauta yake. A ƙasa kuma, inda danshi ke zama, lambuna ne da gonaki, ga dabino, ga mangwaro, ga ɗorawa da giginya jefi-jefi har iyakar ganinka.

Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ta ce Dutse ce babban birni, sai aka ɗora wa garin nauyin da bai shirya ɗauka ba. Ma'aikata suka kwararo, ofis bai isa ba, makwanci bai isa ba. Da yawansu sun daɗe suna sammako daga Kano su koma da yamma. A hankali gini ya kankama. Takur ta cika, aka yi Gida Dubu, gari ya miƙa wajen Danmasara da Yalwawa da Fagoji. Tsakanin 2007 da 2015, zamanin Gwamna Sule Lamido, aka shimfiɗa manyan tituna, aka gina sabuwar sakatariya da filin jirgin sama, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya. Ba na cikin masu kuka da wannan canji. Matar da ta haihu a asibiti kusa da gidanta, maimakon a kwashe ta zuwa Kano cikin dare, ba ta bukatar kowa ya ba ta labarin daɗin zamanin da. Amma kowane ɗaki da aka gina, a kan wani abu aka gina shi, a Dutse kuwa sau da yawa a kan gona ne ko lambu.

Garu ba jiya aka kafa ta ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya kai wa Dutse cikin ƙarni na 18, ya koma bai ci garin ba. Labarin da ake bayarwa a masarautar shi ne an kewaye Garu da ganuwa mai ƙofa goma sha biyu, ga duwatsu kuma suna taya ta tsaro. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, mulki ya koma hannun Fulani ta hanyar Salihi da Musa, gidajen Jalligawa da Yalligawa suka riƙa sarautar a ƙarƙashin Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta mai cin gashin kanta a 1981, aka soke a 1983, sannan martabar ta tabbata bayan samun jiha. Yau ƙananan hukumomi bakwai ke ƙarƙashinta: Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun da Miga. Duk wannan faɗi-tashi a ƙofar gida ɗaya aka yi shi. Ganuwar kuwa, yaron da aka haifa a Dutse bayan 1991 da wuya ya iya nuna maka inda ta bi.

Fadar ta tsira, adalci ne kuma a faɗi dalili. Marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya hau karaga a 1995 ya rasu a ƙarshen Janairun 2023, mutum ne da ya yi karatu a ƙasashen waje ya zaga duniya, ya dawo bai raina na gida ba. A zamaninsa fadar Garu ta zama wurin da masu ɗaukar hoto ke tasowa daga nesa domin su gani, zauruka da soraye an cika bangonsu da zanen Hausa mai launi iri-iri, an kuma tattara kayan tarihin masarauta an adana. Ya kafa filin wasan golf a gefen gari ya cika shi da itatuwa. Akwai masu cewa golf wasan masu hannu da shuni ne, ba ƙarya suka yi ba. Ni abin da nake dubawa shi ne fili mai faɗi da aka hana a yanka shi fuloti-fuloti, a garin da kowane taku na ƙasa ya zama kuɗi. Ɗansa, Sarki Hamim Nuhu Sanusi, ya gaje shi a Fabrairun 2023, Allah ya taya shi riƙo.

Sai dai a nan damuwata take. Abin da ya tsira saboda sha'awar mutum ɗaya, ko da sarki ne, a ran mutumin nan da aljihunsa yake rataye. Masarautu yanzu ba su da baitulmalin da suke da shi zamanin En'e. Kaso suke jira a ba su, ga dawakai, ga fadawa, ga baƙi, ga masu neman taimako a ƙofar fada kowace safiya. Gwamnati kuma shekara huɗu take hange, ta fi son aikin da za a tara jama'a a yi bikin buɗe shi. Tsohon gini da tsohon lambu ba biki suke bukata ba. Hannun da zai dawo kansu duk shekara suke bukata, a daidai lokacin da ya dace, ko an kira 'yan jarida ko ba a kira ba.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lokaci. Da an gama kaka, iska ta bushe, sai a zaga a duba inda damina ta ci: gindin katanga da ruwa ya zaizaye, bakin indararo da ya tsage, zankon da ya gutsure. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana biyu ta nuna, sannan a yi yaɓe. Kafin ruwan farko a hau soro a share, a toshe tsaga. Gidan da ake yi wa haka zai ga jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda aka ƙyale damina uku a jere, ta huɗu sai dai a zo a kwashe azara.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ginin Hausa daga jikin itatuwa yake fitowa. Azarar da ke ɗauke da rufin soro, da wadda gwani ke ɗaurawa gaɓa-gaɓa a cikin bakan gizo har ya haɗa ɗaurin guga, daga giginya ake tsaga ta, an fi son namiji da ya manyanta, domin gara ba ta cin sa da sauƙi. Makubar da ake shafe bango da daɓe da ita don ruwa ya zame, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta. Laso, wanda ya fi kowane shafe ƙarko a kan soro, da katsin marina ake haɗa shi, da gashin awaki daga majema, da dafara. Ka ga ke nan soro guda yana jingine da kurmin giginya, da ɗorawar gona, da karofi, da majema. Ranar da aka sare ɗorawar bayan gari aka yi gawayi da ita, ranar aka rage wa katangar fada abincinta, ko da ba wanda ya taɓa katangar. Shi ya sa ba na yarda a raba maganar fada da maganar lambu. Wanda ya ce zai adana Garu amma ya bar itatuwan Dutse suka tafi, hoton Garu kawai zai bar wa na baya.

Idan kayan gyara suka yi wuya, magina suka tsufa ba magaji, siminti ne ke shigowa. Ba na ganin laifin talakan da ya shafe bangonsa da shi, domin yaɓen kowace shekara kuɗi ne da wahala, ga mutane suna kallon gidan ƙasa a matsayin shaidar rashi. Amma ya kamata a san abin da siminti ke yi wa tsohon bangon ƙasa. Danshi yana shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta saki, fuskar waje kuwa tana nan sumul har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa yana nuna ciwonsa da wuri a yi magani. Siminti ɓoye shi yake yi.

Dabino ya fi katanga saurin gushewa, domin shi ba ya cikin lissafin kowa. Dutse ta yi suna da shi har cibiyar bincike ta NIFOR ta kafa reshenta na dabino a garin. A ƙasarmu sau biyu yake 'ya'ya a shekara, na rani da na damina, na rani ya fi kyau da ajiyuwa saboda laima ba ta ɓata shi. Itace ne mai namiji da mace. In an bar shi da iska kaɗai 'ya'yan ba sa cika. Sai mutum ya hau, ya yanko furen namiji, ya saka a cikin na mace a 'yan kwanakin da ta buɗe. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba zai gane ba kuma sai bayan shekaru, sannan macen da ta fito ba lallai ta gaji zaƙin uwarta ba. Mai son ainihin irin, sai ya cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa ya dasa, ya yi ta ban-ruwa, ya jira shekara huɗu ko biyar. Saboda haka lambun da ka ga matansa sun fi mazansa yawa, 'ya'yansa kuma suna da daɗi, to hannun wani ne da ya rasu tuntuni. Ya ɗanɗana, ya ce wannan za a ajiye, waccan a cire.

Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. Dabino a ƙuruciyarsa yake fitar da 'ya'yan gindi. Da ya tsufa ya yi tsawo sai ya daina. Dogayen nan da muke gani daga nesa muna jin daɗi, wasu daga cikinsu sun wuce shekarun haihuwa. In babu wata ƙaramar 'yar'uwarsu a wani lambu, irinsu a kansu zai ƙare. Masana na iya ninka iri a ɗakin gwaji daga ɗan tsokar itacen, amma sai yana da rai. Bayan gatari babu abin da za su iya.

Lambu kuwa ba da mugunta yake mutuwa ba, da rabon gado yake mutuwa. Mai lambu ya rasu ya bar magada da yawa, wasu a Kano, wasu a Abuja, wasu matan aure a wani gari. Dillali ya zo da farashin da dabinon ba zai kawo ba cikin shekaru masu yawa. A sayar, a raba kuɗi, kowa ya karɓi haƙƙinsa yadda shari'a ta tanada, babu wanda ya yi laifi. Mai saye ya yanka fuloti, in yana da tausayin itace ya bar ɗaya ko biyu a tsakar gida, su ma babu mai hawansu, domin matasan da suka iya hawan dabino suna raguwa. Sai azumi ya zo, mutumin Dutse ya shiga kasuwa ya sayi dabinon da aka shigo da shi daga Nijar da Aljeriya ya buɗe baki.

To a da wa ke yin hidimar gyaran ganuwa da fada? Ba ƙungiya ce mai rajista ba, amma tsari ne. Akwai Sarkin Magina da yaransa. Gyaran ganuwa da gidan sarki aiki ne da ake raba wa unguwanni da ƙauyuka, a fito da kiɗa, kowa da sashensa. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: wani ɓangaren gayya ce ta son rai, wani kuwa tilas ne, bayi da talakawa sun ɗauki ƙasa a ka ba da zaɓinsu ba, yana ma cikin abubuwan da 'yan NEPU suka yi ta yaƙi da su a shekarun 1950. Babu mai hankalin da zai so a dawo da wannan. Sai dai da aka kawar da tilas, ba a kafa komai a gurbinsa ba. Aikin yana nan yana jira duk rani, masu yinsa ne suka watse.

Za a ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, tun 1979 akwai hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Ita ke riƙe da Gidan Makama a Kano, a ƙarƙashinta kuma zane-zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu suke, a cikin masarautar Dutse, tare da duwatsun nan masu amo in an buga su. Gidan Dan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya fara makarantar boko a Nassarawa wajen 1909, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce a cikinsa, ina kuma da yaƙinin abin da ya raya shi shi ne kullum akwai mai buɗe ƙofa ya ga inda ya yoyo. Amma takardar gwamnati ita kaɗai ba ta tsare gini. Ginin Ilojo Bar a tsibirin Legas tun 1956 yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa, aka wayi gari a Satumban 2016 an rushe shi. Ganuwar Kano ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, ba a kuwa daina cin ta ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, masana gine-gine sun daɗe suna rubutu a kansa; a Agustan 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

Inda na ga an dace, jama'a ne suka haɗa kai da kansu. A Legas akwai ƙungiyar Legacy 1995, ta masu zanen gine-gine da malaman tarihi da masu sha'awa kawai. Sun ɗauki wani tsohon bene na 1898 a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, Gidan Jaekel, suka gyara shi a 2010 ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Godwin, tare da hukumar jiragen ƙasa. Yau ƙaramin gidan tarihi ne, lambunsa kuma ana zuwa ɗaukar hoto da yin taro, 'yan fim ma sun yi aiki a ciki. Gidan na hukuma ne, amma idon da ke kansa na ƙungiya ne.

A Ingila abin ya fi haka daɗewa. Mutum uku ne, Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley, suka kafa National Trust a 1895. Wata doka ta 1907 ta ba ta ikon ayyana ƙasar da ke hannunta a matsayin wadda ba za a sayar ko a jinginar ba. Da harajin gado ya fara karya manyan gidajen karkara, iyalai da yawa suka miƙa mata gidajensu da lambunansu, wasu ma suka ci gaba da zama a wani sashe. A 1948 ta karɓi gidan Hidcote saboda lambunsa kaɗai. Yanzu membobinta sun haura miliyan biyar. Abin da ya fi jan hankalina a tsarinta shi ne ba ta cika karɓar gida ba sai an haɗo shi da dukiyar da za a riƙa kula da shi. Sun gane cewa karɓar gini ba wuya, ciyar da shi ne aiki.

Ba sai mun tafi nesa haka ba ma. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin ƙasa da aka gina a 1907 duk shekara gari ne ke fitowa ya yaɓe shi, maza na ɗaukar laka, mata na kawo ruwa, tsofaffin magina na tsaye suna nuni, an mai da wahalar ta zama biki. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da gudummawar mutanen gari, a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Wannan ya nuna ginin ƙasa bai mutu a ƙasar Hausa ba, inda duk aka girmama gwani aka kuma ba shi aiki.

Da na dubi sharaɗin nan na Turawan Ingila, ƙasar da ba a sayarwa da dukiyar da ke ciyar da ita, sai na ga abu ne da malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa a babin hubusi, wato wakafi. Farkonsa ma da lambuna ya fara. Sayyidina Umar ya sami ƙasa mai daraja a Haibara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shawarar ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, aka kuma sharɗanta ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba. Abu Ɗalha ya ba da lambunsa na Bairuha da ke kusa da masallacin Madina. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa Musulmi, har yau akwai gonar dabino a wurin ana kula da ita a matsayin wakafi. Kuma fiƙihu ya yarda mutum, tun yana da rai da lafiya, ya mai da lambunsa hubusi ga zuriyarsa: su ci 'ya'yan, su raba kuɗin amfanin, amma ba mai ikon sayar da ƙasar. Wannan ita ce ƙofar da za ta iya fitar da lambun Dutse daga hannun dillali ba tare da an tauye magaji ba. Mun taƙaita wakafi a kan masallaci da makabarta da rijiya, muka manta da lambu.

Dutse kuma tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Kwamitin zakka na masarautar, wanda marigayi Sarki Nuhu ya tsaya a kansa, ya yi suna wajen tattara hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma a raba wa mabukatan wurin. Zakka ba a gyara soro da ita, masu cin ta takwas ne Alƙur'ani ya ƙidaya su. Amma amanar da aka gina, da sanin yadda ake bin hakimi da dagaci da mai unguwa a isa ga kowane manomi, da sabon da jama'a suka yi na ganin an karɓa an rubuta an raba a gabansu, su ne jarin da ƙungiyar adana Garu da lambunanta za ta fara da shi.

Irin ƙungiyar da nake nufi ba ta manyan 'yan boko ba ce kaɗai, masu zuwa hawan Salla daga Abuja su koma. Lallai a same su, domin aljihunsu da saninsu na da amfani. Amma kujerun gaba na mutanen Garu ne da Limawa, da masu lambu, da magina, da matan da suka san wace ɗorawa ce ke ba da kalwa mai kyau. Garu unguwa ce mai rai, ana haihuwa ana aure a cikinta. Duk tsarin da zai hana mazauninta gyara makewayinsa ko ƙara ɗaki saboda baƙi su sami abin kallo, zalunci ne, ba zai ɗore ba kuma. Abin da ya dace shi ne wanda ya zaɓi riƙe ginin ƙasa ƙungiya ta taya shi da magini da makuba, wanda ya riƙe lambunsa a taya shi da rijiya da dashe da kasuwa, har riƙewar ta fi sayarwa riba ko ta kusa. Ya kamata kuma a ji muryarta a kan fasa dutse, domin tsakuwar da ake gina sabuwar Dutse da ita daga jikin duwatsun yankin take fitowa, akwai bukatar a shata waɗanda ba za a taɓa ba, a Dutse da Birnin Kudu duka.

Aikin farko ba ya cin kuɗi da yawa: ƙidaya ce. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha za su iya bin lambu-lambu tare da ma'aikatan NIFOR, su rubuta dabino nawa ya rage, wanne ne namiji, wace mace ce masu lambu ke yabo, wace ce har yanzu ke da 'ya'ya a gindi. A auna kowane zaure da soro na fada a zana shi a takarda, a bi sawun ganuwa da dattawan da suka san ta. A zauna da tsofaffin magina a naɗi bayaninsu, a kuma ba su yara biyu-uku da albashi, domin ba a koyon ɗaurin guga daga littafi. Sannan a nemi fili a wajen gari, ta Kiyawa ko ta Miga inda ƙasa ba ta yi tsada ba tukuna, a binne ƙwallon giginya a shuka ɗorawa. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa a tsaga ta azara, don haka wadda za a gyara rufin fada da ita nan gaba yanzu ne lokacin shukarta, a kuma rubuta filin da sunan wakafin a gaban alƙali tun kafin gari ya kai can.